Mama Ebube da Sunan da Inna Ba Ta Kira

Duk wanda ya taɓa sayen manja a kasuwar Sabon Garin Zariya a shekarun baya ya san Mama Ebube. In bai san fuskarta ba, to ya san muryarta, don tun daga bakin layi ake jiyo ta tana ciniki. Gajeriya ce kakkaura, hannuwanta kullum ja wur da manja, ga tabarau ɗaure da zare a wuya. Sunanta na ainihi Edith, mijinta Nwankwo, amma in ka shiga kasuwa ka ce Edith kake nema sai ka gaji da yawo. Ebube shi ne ɗanta na fari, kuma a wurinsu babu girman da ya kai a kira mace da sunan ɗanta na fari. Da shi ake kiranta tun safe har a tashi kasuwa.

Ni sunana Precious, a gida Talatu. Na taɓa tsayawa a gaban rumfar matar nan na zazzaga mata rashin kunya son raina, kuma har gobe ina cewa a ranar ni ce da gaskiya. Amma bari in bi abin daki-daki.

A Unguwar Gabas aka haife ta, ubanta ma'aikacin reluwe ne. Tana 'yar shekara sha biyar aka kwashe su zuwa kudu a tashin hankalin sittin da shida. Bayan yaƙi ta dawo da aurenta da goyo a baya. Mijin ya buɗe shagon kayan keke a unguwar PZ, ita ta kama rumfar manja, suka haifi 'ya'ya huɗu, shi ya rasu a casa'in da bakwai. Hausa kuwa a bakinta kamar jakin Kano, sai dai Hausar kasuwa ce da ta coci. Duk daɗewarta a Zariya ba ta taɓa wuni a cikin gidan Bahaushe ba. Wannan ita da bakinta ta faɗa mini daga baya.

A cocinmu sujada biyu ake yi, ta Turanci da sassafe, ta Hausa da ƙarfe goma. Ita duka biyun take zama. Kowace Asabar da la'asar kuma sai ta rufe rumfa, ta wanke hannu, ta zo gindin mangwaron bayan coci ta zauna da matan da ke neman baftisma. Shekara sha tara tana wannan aiki. Fasto James ba ya sa mace a ruwa sai Mama Ebube ta ce ta shirya, in ta ce da saura, to da saura.

Yawancin matan ba su yi boko ba, don haka ba ta zuwa musu da takarda. Da baki take koyarwa, kuma ba ta kwana-kwana. Takan ce addu'a gaisuwa ce, yadda kike gaida mahaifinki da safe ko ba ki da wata buƙata a wurinsa, haka za ki yi wa Allah. Takan ce kada mace ta jira sai ta gyaru kafin ta zo wurin Yesu, wa ya taɓa yin wanka kafin ya tafi rafi? In kin faɗi, ki tashi ki gaya masa kin faɗi, kada ki ɓuya a ɗaka ki daina zuwa coci. Wadda duk ta yi fashin Asabar biyu a jere, sai dai ta ga Mama Ebube a ƙofar gidanta da kwalbar manja a hannu. Wannan doka ce a wurinta, ko a Basawa kike za ta zo.

Mu kuwa Maguzawa ne daga wani ƙauye can bayan Hunƙuyi. Yayanmu Ɗanasabe ne ya fara ba da gaskiya, bayan ya sami aiki a gonar gwaji ta Samaru. Shi ya ɗauko ni, ni auta, ya sa ni makaranta. Da na gama sakandare ya kafa mini lema da tebur da wayar salula kusa da ƙofar jami'a, ɗalibai na zuwa buga waya gida. Da Baba ya rasu a dubu biyu da biyu, muka ɗauko Inna ta dawo wurinmu a Hayin Dogo.

Doguwa ake ce wa Inna, kuma doguwar ce, ta haura sittin amma ba ta ranƙwafa ba. Burukutunta ya yi suna a kasuwanni uku. Shekara guda tana zaune da mu ba wanda ya matsa mata, in mun tafi coci ita ke tsaron gida. Wata Lahadi muka fito muka tarar ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mai kyau, tana jiranmu a bakin ƙofa. A cikin bas na matsa kusa da ita na ce, "Inna, wa ya yi miki wa'azi?"

Ta ce, "Ba kowa. Inda wancan zai je in ya mutu, nan nake so in je."

Wancan shi ne Yaya. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Inna ta fita daban. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. Ko ranar Asabar ba ta ambata, sai ta ce kashegarin Juma'a. Mu da muka tashi muka tarar da abin haka, ko a jikinmu.

Ranar da na fara kai ta aji, Mama Ebube ta taso da murna ta ware hannuwa ta ce, "Maraba da Maman Ɗanasabe!" Ita a ganinta ta gama girmama ta. Inna ta ja bakin ɗankwali ta rufe fuska ta juya wa mangwaro. Na yi dariya na ce, "Mama, Doguwa za ki ce mata." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Da na ƙara jimla ɗaya a ranar da duk abin da ya biyo baya bai faru ba. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Daga nan Mama ta koma ce mata Iya, ita kuma Inna tana ce mata Malama. Jininsu ya haɗu nan da nan. Inna ba ta san ko bihim a karatu ba, amma cikin mako uku ta haddace Addu'ar Ubangiji, ta bar 'yan mata masu sakandare suna in'ina. Ga ta da tambaya. Ran nan ta ce, "Malama, in ban yanka masa ko kaza ba, ta yaya zai san da gaske nake?"

Mama ta ce, "An riga an yi yankan, Iya. Yesu ne. Ke naki ki zo kawai."

Inna ta ce, "To wannan ya fi namu sauƙi, kuma ya fi namu tsada."

Ba wanda ya ce ta kawo layunta. Ita da kanta ta kwance su daga ƙugu da damtse, ta ƙulle a tsumma ta kawo aji, aka ƙona. Manyan tukwanenta biyu na giya da ta sa aka ɗauko daga ƙauye, ta wanke su da toka ta mai da su randunan ruwa. Ni na san abin da tukwanen nan suke a wurinta, na uwarta ne. Da aka sanar za a yi baftisma ranar Ista ta dubu biyu da huɗu, Yaya ya sayo farin yadi ya ba ni, ni na miƙa mata. Ta shafa shi ta ce, "Ki ce an gode."

Saura mako shida Ista, Mama ta zo kan darasin yafiya. Ta ce wanda aka yafe wa dole ya yafe, kuma ba a shiga ruwan baftisma da gaba a ciki. Sannan ta ce kowace mace ta yi wa 'ya'yanta addu'a da ƙarfi, ta kira su ɗaya bayan ɗaya daga babba zuwa ƙarami. Da aka zo kan Inna ta ce, "Ya Allah, ga Larai, ga Nomau, ga Talatu. Ga kuma wancan."

Mama ta buɗe ido ta ce, "Wane ne wancan, Iya?"

Inna ta sunkuyar da kai.

"Ki faɗi sunansa mana. Ɗanki ne."

Inna ta ƙi faɗa. Ni ba na wurin, ina bakin lema, daga baya wata 'yar ajin ta ba ni labari. Abin da na gani da idona shi ne ranar Lahadin da Fasto James ya karanta sunayen masu baftisma. Mata tara ne a ajin, ya karanta takwas. Na dubi Inna, tana zaune ƙyam tana kallon gabanta, kamar ba a yi komai ba.

Ranar Litinin ban kafa lema ba. Na hau bas daga Samaru na sauka Sabon Gari, na same ta tana ɗura wa wata mata manja a kwalba.

Na ce, "Mama, me Innata ta yi miki?"

Ta ce, "Precious, ba a gaisuwa?"

"Ina kwana. Me ta yi miki?"

Ta sallami matar, ta goge hannu a tsumma. Ta ce, "Ni ba ta yi mini komai ba. Uwarki tana riƙe da ɗanta a zuciya. Wata huɗu ina lura. Yaro ya durƙusa ya gaishe ta a ƙofar coci, ta amsa wa bango. Na kira ta da sunansa, ta rufe fuska. A gaban Allah ma ta ƙi kiransa. Ban san me ya yi mata ba, amma ba zan kai ta ruwa da wannan a ciki ba."

Na ce, "Wace gaba? Kunya ce! Ɗan fari ne, Mama! Haka ake yi a wurinmu, uwarta ma haka ta yi."

Na ga alamar ta taɓa jin ana faɗin abin, ba ta dai taɓa ganinsa a gabanta ba. Na ɗauka magana ta ƙare. Ina! Sai ta gyara tabarau ta ce, "To wa ya kafa dokar? Ba waɗanda suka ɗaura mata layun ba ne? Abin da zai hana uwa kiran ɗanta a gaban Allah ba daga Allah yake ba. Layu ta bari, giya ta bari. Wannan kalma ɗaya ce tak. Ta faɗa sau ɗaya a aji, in mai da sunanta."

A nan ne na rufe ido. Na ce mata shekara da shekaru tana shan ruwan Zariya amma ba ta san mutanen Zariya ba. Na ce ita ba ƙofar sama ba ce. Na ce ai ba ita ta mutu domin Innata ba. 'Yan layin manja suka taru suna kallo, wata na cewa da Turancin kasuwa a bar yarinya ta huce. Mama ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Kin gama? To ki gaida Iya." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da na koma gida na faɗa wa Inna sharaɗin. Na ma lallashe ta. Na ce, "Inna, sau ɗaya ne, ki runtse ido ki faɗa a wuce wurin."

Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe zane a kasuwa. Ta ce, "Layu tsoro ne, na bar tsoro. Giya sana'a ce, na bar sana'a. Wannan ba tsafi ba ne, Talatu." Can kuma ta ce, "Ashe ba a karɓar irina. To a bar shi."

Ta ɗauko farin yadin ta ninke, ta sa shi can ƙarƙashin kwalla. Ta ce da an yi ruwan farko za ta koma ƙauye ta yi 'yar gyaɗarta. A ƙauyenmu a lokacin babu coci, sai ƙannen Baba da tsafinsu na kan gida da baƙin bunsurun da suke yanka masa. Na san in ta tafi da maganar nan a ranta, cewa ta zo an ƙi ta, to ta tafi ke nan. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na sami Yaya na ce ya je wurin Fasto. Ya ce, "Ki bari, Talatu." Shi kullum a bari. Shi ma na yi kwana biyu ba na kula shi.

Inna ta yi fashin Asabar ɗaya, ta yi na biyu. Ni na manta da dokar Mama. Ranar Laraba sabis ya ɗauke tun azahar, na naɗe lema na dawo gida da wuri. Zafin bazara ya yi zafi, muna zaune a inuwar katanga, Inna na ɓare gyaɗar irin da za ta tafi da ita. Sai ga sallama. Mama Ebube ce, gumi sharkaf, da kwalbar manja a hannu. Na so in ce Inna ba ta nan, to ga ta a zaune.

Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta ɗebo mata ruwa a randar da a da tukunyar giya ce. Suka gaisa kamar ba abin da ya faru. Mama ta ja tire ta kama ɓare gyaɗa, tana ɓarewa tana bayani a hankali, cewa ba ƙinta take yi ba, so take ta shiga ruwa da zuciya sake. Inna na cewa, "Haka ne, Malama."

Suna cikin haka Inna ta tsaya cak. Ni ban ji komai ba, Mama ma haka. Inna ta miƙe ta ɗauko kwanon furar da ta dama ta lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma don ta yi sanyi, ta ajiye a kan kujerar da ke bakin ɗakin Yaya, ta jawo butar ruwa kusa, ta dawo ta zauna ta juya wa ƙofa baya. Sai bayan nan muka ji ƙarar sarƙar kekensa daga can bakin lungu. Kullum haka take yi, ni na daina ma gani. Amma ranar na ga Mama na kallo, hannunta ya tsaya a cikin gyaɗa.

Yaya ya shigo ya jingine keke, ya durƙusa ya gaida Inna, ta amsa wa katanga. Ya gaida Mama. Ita kuwa ba ta iya ɓoye abu ba, ta ce, "Ɗanasabe, zauna in tambaye ka. Kai abin nan ba ya yi maka ciwo?"

Inna na jin an fara maganarsa ta tashi ta shige madafa.

Yaya ya yi ɗan murmushi. Mutumin da ba ya haɗa jimla uku a rana, ranar ya yi magana. Ya ce, "Mama, ina shekara tara maciji ya sare ni a gona. Ita ta goya ni tun daga ƙauye har Hunƙuyi a ƙasa, ga ta da tsohon cikin Larai. Ba ta ce mini kanzil ba a hanya. Da muka isa, malamin asibiti ya tambaye ta sunan yaro. Sai da ta fita kasuwa ta nemo wani ɗan ƙauyenmu ya zo ya faɗa." Ya ɗauki kwanon furar ya riƙe. Ya ce, "Kowa a duniya kiran sunana yake. Ita kaɗai ce ba ta kira. Ranar da ta kira, na san na zama kamar kowa a wurinta."

Inna ta fito da guntun mangwaro a faranti ta ajiye mata, ta zauna. Ta ce, "Malama, ban san laifi ba ne. Mu abin da ya fi mana girma ba ma yawo da shi a baki." Sannan don ta kau da zancen, irin na tsofaffi, ta ce, "Af, ni kuwa ina ta so in tambaye ki. Naki na farin, wanda ake kiranki da shi, ban taɓa ganinsa a coci ba. Yana nan lafiya?"

Duk Sabon Gari an san labarin, Inna ce kaɗai ba ta sani ba. Bayan rasuwar Nwankwo, Ebube ya sayar da shagon ubansa na PZ ba da sanin uwarsa ba, ya tafi Onicha. Ita kuma ta ce kada ya ƙara taka ƙofarta. Ba zan ɓoye ba, a wannan lokacin wani daɗi ya ratsa ni, na ce a raina, yauwa, amsa mata. Daɗin bai daɗe ba, don na ga fuskar Mama.

Ta cire tabarau. Ta ce, "Yana Onicha, Iya. Shekara bakwai ba mu yi magana ba."

Inna ta saki gyaɗar da ke hannunta. Ta ce, "Shekara bakwai? Kuma kina iya cin abinci? Ni in wancan ya wuce lokacin dawowarsa, ko ruwa ba ya wuce mini maƙogwaro."

Ba da baƙar magana ta faɗa ba, tausayi ne tsantsa, kuma shi ya fi zafi. Mama ta ce, "Sau ɗari ake kirana da sunansa a rana, ina amsawa. A addu'a kuwa tsallake shi nake yi, ba wanda ya sani." Ta share ido da bayan hannu. "Na ga gaba a wurinki don ita ce a cikina. Na yi kuskure, Iya. Ki yafe mini."

Inna ta ce, "Haba Malama, me aka yi?"

Mama ba mace ce mai dogon kuka ba. Ta mai da tabarau ta ture tiren gyaɗa gefe ta ce, "Mu durƙusa. Ki yi wa 'ya'yanki addu'a daga babba. In kin zo wurinsa ki tsaya, ni zan saka miki."

Suka durƙusa a kan tabarma, doguwa da gajeriya. Yaya ya shige ɗaki don kada Inna ta takura. Inna ta ce, "Ya Allah, ga," sai ta tsaya. Mama ta ce, "Ɗanasabe." Inna ta ce, "Ka tsare shi. Ga Larai, ga Nomau, ga Talatu mai bakin nan." Na ɗauka ta gama. Sai ta ƙara, "Ga kuma Ebube, can inda yake. Uwarsa na nan." Ita a bakinta sunan ba shi da nauyi, ta faɗe shi sarai. A nan ne Mama ta yi kukan da gaske.

Ranar Lahadi Fasto James ya ce akwai gyara a sanarwa, masu baftisma tara ne. Ranar Ista aka sa Inna a ruwa a kwarmin da ke bayan coci, cikin farin yadinta. Da ta fito Mama ce ta tare ta da tawul, sai da Inna ta sunkuya kafin hannun Mama ya kai kanta. Gyaɗar irin kuwa soya ta muka yi.

Ranar Talata bayan Ista ina zaune a lema sai ga Mama ta sauko daga bas. Masu waya sun fi a ƙirga a Sabon Gari, amma ta taho har Samaru don kada 'yan layin manja su ji. Ta kwance bakin zane ta fito da wata 'yar takarda da ta yi laushi don daɗewa, da lamba a jiki. Ta ce, "Buga mini, mai baki." Na buga, ta shiga, na miƙa mata. Ta ce, "Ebube." Sauran da yarensu ne, ban ji ba, na tashi na ba ta wuri. Da ta gama na ce, "Mama, ki yafe mini abin da na faɗa miki a kasuwa." Ta ce, "Na yafe. Gaskiya kika faɗa, amma ba ki iya faɗa ba."

Ba a shirya a rana ɗaya ba. Sai Kirsimeti ta biyu Ebube ya zo Zariya, kuma an ce har a lokacin sun taɓa hayaniya. Inna dai ba ta bar ajin ba ko bayan baftisma. Duk kashegarin Juma'a tana gindin mangwaro, in an kawo sabuwar tuba daga ƙauye ita ke zama kusa da ita. Mama kuma ta sake salo. In mace ta zo da wata al'ada, ba ta yanke hukunci sai ta tambaya, "Wannan tsoro ne ko girmamawa?" In an tashi aji su biyun su tsaya su yi addu'arsu, kowa ta saka wa 'yar'uwarta.

A dubu biyu da takwas gwiwoyin Mama suka ƙi. Ebube ya zo ya ce zai tafi da ita Onicha, ta bar rumfar wa 'yarta. Muka raka ta tasha da safe, har da Inna. An gama ɗaure kaya, Mama na shirin hawa, sai Inna ta riƙe mata hannu ta ce, "To Malama, yanzu wa zai riƙa saka mini?"

Mama ta ce, "Iya, shekara huɗu Allah yana jin sunan nan daga bakina. Kina tsammani ya manta? Ki tsaya a wurin kawai, ya san abin da ke ciki."

Ba mu ƙara ganinta ba, bayan shekara guda Ebube ya bugo ya ce ta rasu. Inna na nan, ta tsufa, ido ya yi rauni. Kullum da safe tana durƙusawa a bakin ɗakinta ta ce, "Ya Allah, ga," sai ta yi shiru kamar tsawon numfashi biyu, sannan ta ci gaba da Larai. A daidai lokacin Yaya ke fito da kekensa zai tafi aiki. Yakan tsaya a tsakar gida riƙe da keken, ba ya motsi, sai shirun nan ya wuce sannan ya fita.